Ranar da Na Riga Dogo Isa Gindin Tsamiya

Damina ta sauka bana ma kamar yadda ta saba, amma ni dai da ido na gan ta, ban ji ta a kunne ba. A da, in ruwa ya zauna shuka ta fara tasawa, ba sai wani ya gaya maka ba. Tun kana kan tabarma za ka ji maƙera sun tada wuta a bayan masallaci, guduma tana sauka a kan uwar maƙera, kowa ya kai garmarsa a gyara mata baki. Za ka ji luguden mata gida-gida ana dakan furar 'yan gona. Can daga nesa kuma, in iska ta juyo, sai ka ji gangar noma tana kiran samari, ka san yau akwai gayya a wani ƙauye. Yanzu kukan babura ne yake tashe ni. In na leƙa bayan gari sai in ga yaro ɗaya tal a tsakiyar gona, ya goya famfon feshi, ya toshe kunnuwansa da igiyar waya, yana tafe yana fesa wa ciyawa magani, ba ya magana da kowa. Huɗa ta zama ta shanu, mai hali kuma ya kira tarakta. Ban ce wannan abin ƙi ba ne. Bayana ya san abin da garma ta yi masa, ba na yi wa jikokina fatan irinsa. Shirun ne kawai har yau ban saba da shi ba.

Rannan da la'asar ina zaune a ƙofar gida sai ga jikokina sun kwaso a guje daga gidan kallon ƙwallo, suna tsalle suna ihu, "Mun ci! Mun ci!" Na tare babbansu na ce, "Ku da wa?" Ya faɗi sunan wani gari na Turawa da ban riƙe ba. Na ce, "Kai ka buga?" Suka fashe da dariya, ya ce, "Kai Alhaji, ba za ka gane ba." Gaskiyarsa ce, ban gane ƙwallon ba. Amma ihun na san shi, domin an taɓa yi mini irinsa.

Ƙauyenmu yana ƙasar Madadi, nan cikin Gwarzo. Gidanmu na gandu ne, wato gona ɗaya muke nomawa gaba ɗaya ƙarƙashin mahaifinmu: Baba, da yayana, da ni, sai ƙannenmu mata da ke taya Inna aikin gida. Da asuba a yi alwala da ruwan randa mai sa haƙora karkarwa, a ɗan taɓa allo a zauren malam, gari na wayewa a saɓa garma. Daga nan har azahar aikin gandu ne, da yamma kowa ya koma 'yar gayaunarsa, wato gonar ƙashin kansa. Ni ne mai yanko wa jaki da tumaki ciyawa, don haka kullum ni ne na ƙarshen shigowa gida, da dami a ka, raɓa ko zufa tana bin wuyana. Har yau in na rufe ido ina jin kukan zabi a cikin gero, da ƙarar guga tana bugun bangon rijiya, da muryar Inna tana kiran kaji. Baba mutum ne marar yawan magana. An ce a ƙuruciyarsa makaɗa sun bi shi gona-gona, amma bai taɓa ba mu wannan labari da bakinsa ba, a bakin tsofaffi muka tsinta. In muka tambaye shi sai ya ce, "An yi, an wuce. Ku je ku ba jaki ruwa."

Gayya kuwa, ga wanda bai riske ta ba, mai babbar gona ne zai raba goro ga sarakunan samari na ƙauyuka, ya sa rana, ya yanka akuya, matansa su kwana tuƙin tuwo. Samari su taru su huɗe masa gonar a wuni guda. Ba a biyan kowa. Suna ake nema. Za a jera mu a gindin gona, kowa da kunyar da zai tayar, makaɗa suna biye da wanda ke gaba, maroƙa suna yi masa kirari, 'yan mata suna gefe da tulunan ruwa suna guɗa. Wanda ya fita sai ya juyo ya kama wata kunyar. A haka ake ta zubewa ɗaya bayan ɗaya, har a bar mutum biyu, sai dattawa su ware musu kunyoyi mafi tsawo a ga wanda zai riga.

A zamaninmu, in an zo nan, mutum guda ne ake bari a tsaye. Daga wajen Gude yake, ƙasar Kabo, kuma ban taɓa jin wanda ya kira shi da sunan yanka ba, Dogo kawai ake ce masa. Ba shi da jiki, siriri ne kamar gora, amma in ya sunkuya ba ya ɗagowa sai ya fita. Abin da ya fi ƙona mana rai, yana huɗa yana murmushi, kamar wanda ake ba labari mai daɗi. Samarin Kabo kuwa suka samu abin yi mana. Ko a kasuwa muka haɗu sai su ce, "Ku mutanen Gwarzo sunan gari kawai kuka gada, gwarzon yana wajenmu." Mu yi dariyar dole, mu koma gida muna cizon yatsa.

Yayana shi ne abin da muke taƙama da shi. Ƙaƙƙarfa ne, shi kaɗai yake ɗora wa jaki buhu. Wata damina aka haɗa su da Dogo, ina cikin masu kallo, lokacin gemuna bai fito ba. Yaya ya fara da ƙarfi, ya ba Dogo rata, muna ta ihu har muryoyinmu suka dishe. Da rana ta take sai na ga garmarsa ta fara nauyi. Ya riƙa tsayawa yana dafa gwiwa. Can sai ya kife a tsakiyar kunya, ya yi amai a gaban 'yan mata. Abin da ban manta ba shi ne makaɗin da ke bayansa: bai ko sassauta kiɗan ba, ya tsallake ƙafafun Yaya ya bi Dogo. Aka ɗauko Yaya aka kwantar a inuwa ana yi masa fifita. Kafin sati yara sun mai da abin waƙa a dandali. Da aka gama girbi Yaya ya ɗaure kayansa ya bi masu fataucin shanu zuwa Kurmi, ya ce cin rani zai je. Damina ta zo bai dawo ba. Wata ta sake zuwa bai dawo ba. Inna ba ta yi kuka a gabanmu ba, amma in ta ji gangar noma sai ta ajiye abin da take yi ta shige ɗaki.

Ni kuwa na riga na yanke hukunci a raina cewa wulaƙancin ran nan ne ya kore shi, kuma ranar da wani daga gidanmu ya riga Dogo, ranar Yaya zai iya ɗaga kai ya shigo gari. Ban yi shawara da kowa ba. Na je wajen maƙeri na ce ya ƙera mini garma mai nauyi fiye da ta kowa. In na tashi daga gandu sai in bi gonakin tsofaffi da na gwauraye ina yi musu huɗa kyauta, suna ta sa mini albarka, ba su san ba lada nake nema ba, hannu nake so ya saba. Na koyi yin aiki da ƙishirwa. Na koyi numfashi daidai da saukar garma. Wata rana Baba ya ɗaga garmar nan ya jijjiga ta, ya dube ni.

"Wa kake nema da wannan?"

Na ce, "Dogo nake nema, Baba."

Ya tauna goro ya ce, "In ka same shi, sai me?"

"Sai Yaya ya dawo."

"Shi ya gaya maka haka?"

Na sunkuyar da kai. Ya jingine garmar a jikin rumbu ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Amma ka riƙa cin abinci, ka rame."

Inna ta ji mu daga bakin murhu. Tun daga ranar ta riƙa ƙara mini man shanu a tuwo ba tare da ta ce komai ba, na kuwa gane ta yarda da maganata.

Ranar ta zo a gonar wani Sarkin Noma da ke tsakaninmu da su, gonar dawa ce da ba ka hango ƙarshenta sai wata tsamiya can a iyaka. An yi ruwa da dare, ƙasa ta yi laushi tana ƙamshi. Mun isa rana na fitowa, mutanen Kabo sun riga mu, sun baje suna shan kunu. Wani a cikinsu ya nuna ni ya ce, "A'a, yau ƙanen aka kawo? A tanadi inuwa." Dogo bai yi dariya ba. Ya taso ya miƙo mini hannu muka gaisa, ya tambayi lafiyar Baba da ta Inna, ya ce, "Ana jin labarin yayanka kuwa?" Na ɗauka ba'a ce. Na zare hannuna na juya.

Ban fara da ƙarfi ba, na ga abin da hakan ya yi wa Yaya. Na bar su suka yi gaba, na kama tafiyata. Da hantsi ya yi na fara wuce waɗanda suka zube. Aka kawo fura, na kurɓa na kuskure baki na zubar. Kafin azahar gonar ta yi faɗi, samari sun koma gefe sun zama 'yan kallo, sai na ɗaga kai na ga saura ni da shi. Dattawa suka zo suka duba kunyoyinmu ko akwai wanda ya yi ha'inci ya bar ciyawa a buɗe, ba su samu ba. Suka ware mana biyu, gefe da gefe, suka ce wanda ya riga isa gindin tsamiya.

Abin da ya biyo baya ba na iya tuna shi a jere. Na san kiɗan ya daina shiga ta kunne, ya koma yana bugawa a ƙirjina. Na san kantar hannuna ta fashe, ƙotar garma ta yi santsi da jini, na riƙa damƙar ƙasa ina gogawa. Da farko duga-dugan Dogo nake gani a gabana. Sannan na ga ƙugunsa daidai da nawa, na ji numfashinsa kamar zugazugin maƙera, na saci kallo na ga murmushin nan babu shi. Daga nan ban ƙara ganinsa ba. Ƙasa kawai nake gani, baƙa, tana juyawa, tana juyawa, har inuwa ta faɗo a bayana, bakin garmata ya bugi saiwar tsamiya. Na durƙusa a wurin.

Guɗa ta tashi. Kafin in san inda nake samarinmu sun ɗaga ni sama, wani yana ihu yana cewa, "Gwarzo ya koma gida! Gwarzo ya koma gida!" Makaɗa suka kewaye mu. Sarkin Noma ya tuɓe rigar da ke jikinsa ya sa mini a kan zufa da ƙasa. Wata yarinya ta kutso ta goge mini fuska da kallabinta ta ruga a guje, ita ce daga baya ta zama uwar 'ya'yana. Ina bisa kafaɗun mutane ina jiran daɗin ya zo. Na yi shekara da shekaru ina kwana da wannan rana ina tashi da ita, na san yadda ya kamata in ji. Amma abin da na ji ƙishirwa ce, da ƙuguna da ke neman rabewa biyu. Daga saman nan na hango Dogo. Ba makaɗi ko ɗaya a bayansa, mutanensa ma sun watse, shi kaɗai yana ƙarasa kunyarsa a hankali. Bai yar da garma ba sai da ya kai. Ya miƙe, ya dafa baya, ya zo inda aka sauke ni.

"Sannu da aiki, na Madadi," in ji shi. "Wallahi ka iya."

Ya nemi ruwa ya sha, ya miƙo mini sauran. Murmushin ya dawo fuskarsa. Ni da na so in ga ya kife kamar yadda Yaya ya kife, sai ga ni ina shan ruwa a ƙoƙo ɗaya da shi.

Da muka iso gida da kiɗa da tarin yara, na samu Baba yana gyaran dangar tumaki. Na durƙusa na ce, "Baba, na riga shi." Ya ce, "Na ji guɗa tun kuna bayan gari. Madalla. Mu ga hannun." Ya juya tafukana ya duba, ya kira Inna ta kawo man kaɗanya. Ya ce, "Gobe ka huta. Jibi akwai aiki a gandu." Inna tana shafa mini man, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "To yanzu zai dawo ko?" Na ce in sha Allahu. Washegari na je tasha a Gwarzo na ba wani direban motar shanu saƙon baka, ya gaya wa Yaya an rama masa, ya zo gida.

A wannan shekarar aka yi fari. Dawa ta yi ciki, ruwa ya ɗauke. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin mu fito muna kallo, iska ta zo ta watsa shi. Aka fita roƙon ruwa, manya da yara har da dabbobi, aka dawo, sama tana nan fara fat. Wata rana hanya ta bi da ni ta gonar Sarkin Noma, na tsaya. Kunyoyin nan biyu suna nan a miƙe har gindin tsamiya, tawa da ta Dogo, dawar da ke kansu ta bushe a tsaye, iska na kaɗa ta tana ƙara kamar takarda. Abin da aka girba a duk faɗin gonar bai kai a kira 'yan ɗaurin dami ba. Rigar da aka sa mini kuwa, a kasuwar Gwarzo na bayar da ita aka auna mini dawa na kai wa Inna. Yaya bai zo ba. Da abin ya yi tsanani samari suka watse neman abinci, ni ma na bi motar shanu na yi kudu.

Na same shi a unguwar Hausawa ta wani garin Yarbawa, yana aiki a kara, wajen masu sayar da shanu. Ya yi ƙiba, ya yi aure, yana ciniki da Yarbanci kamar a can aka haife shi. Ya rungume ni, ya tambayi kowa da kowa har jakinmu. Sai da muka ci abinci na ce, "Yaya, saƙona ya iso kuwa?"

"Ya iso. An ce ka riga Dogo. Kai, ka yi ƙoƙari."

"To me ya hana ka dawowa?"

Ya dube ni kamar bai fahimta ba, sannan ya yi dariya, ba ta raini ba. Ya ce, "Wai kana tsammanin saboda Dogo na taho? Haba. Tun kafin gayyar nan na gama shirina. Gandun Baba ba zai riƙe mu duka ba, ni kuma noma bai taɓa yi mini daɗi ba, nauyin Baba ne ya hana ni faɗa. Ran nan ma da zazzaɓi na kwana, na ji kunyar in ce ba zan shiga ba." Ya tsinke naman da ke haƙorinsa ya ce, "Yaya Dogon yake? Mutumin kirki ne. Washegari ai har gida ya zo duba ni, kana wajen yankan ciyawa."

Ya shimfiɗa mini tabarma a shagonsa, ya samo mini aikin dako. Na yi rani a can na dawo. Shi kuwa sau ɗaya ya ƙara taka garinmu, da ya zo gaisuwar rasuwar Baba. A can ƙasa ta rufe shi.

Daga baya na bar garma na shiga harkar hatsi, in saya da kaka in ajiye, in fitar da bazara, ina bin kasuwannin Gwarzo da Kabo da na kewaye. Allah ya buɗa. Amma halin nan bai sake ni ba, kullum sai na samu wanda nake kallon duga-dugansa. In wani ya sa kwano a ɗakinsa, sai na yi ginin siminti. In wani ya sayi babur, sai na sayi mota. Na riga sa'o'ina zuwa Makka, na riga su aurar da 'ya'ya. Duk lokacin da na kai, sai in tsaya ina jiran abin nan da na jira a bisa kafaɗun samari, shi kuma ba ya zuwa. Uwar 'ya'yana, Allah ya jiƙanta, ita kaɗai ta lura. Ranar da aka kawo motar farko, unguwa ta cika ana sa albarka, ta same ni a ɗaki ina zaune ta ce, "Malam, kai in ka samu abu sai ka yi kamar aikenka aka yi ka dawo." Na ce mata gajiya ce.

Yanzu 'ya'yana maza suna Kano da Abuja, suna aiko da abin da ya fi ƙarfin bukatata. In ana zancen waɗanda suka ci nasara a rayuwa, a garin nan har da ni ake lissafawa, ina ji ana faɗa a gabana. Ina godiya ga Allah, ba butulci nake yi ba. Sai dai in an faɗa ina jin kamar labarin wani ake yi wanda na sani sama-sama. Na ga waɗanda suka riga, na ga waɗanda aka riga, na raka da yawa daga cikinsu makwanci, ban ga an bambanta musu ramin ba. Abin da na lura da shi kawai, ihun na masu kallo ne. Su ne suke komawa gida da daɗin. Wanda aka ɗaga kuwa, in an sauke shi, da ƙafarsa zai taka ya tafi.

Cikin daminar nan na je jana'iza a Kabo, ana hira a wajen zaman makoki sai na ji wani ya ambaci Dogo na Gude. Na ce, "Yana raye?" Aka ce yana nan, sai dai idanu sun tafi. Ban san abin da ya sa ba, bayan kwana biyu na ce direban gida ya kai ni.

Gidan ƙasa ne, zauren ya sha yaɓe. Na same shi a ciki a kan buzu, ya ƙara tsawo da rama, yana tufkar igiya da lalube. Yara suna ta shiga da fita suna tsallake ƙafafunsa. Na yi sallama ya amsa, muka gaisa, ya gida, ya iyali, ya damina, ya ƙarfin jiki, ya haƙuri da zamani. Sannan ya karkata kai ya ce, "Muryar ba ta nan ba ce. Wane ne?"

Na ce, "Mutumin Madadi ne. Wanda kuka yi gayya da shi a gonar Sarkin Noma, shekarar fari."

Ya saki igiyar. Ya lalubo hannuna ya riƙe da hannu biyu yana jijjigawa. "Allahu akbar! Na Madadi! Ashe kana duniya?" Ya ɗaga murya ya ce, "Kai, ku kira mini babanku! Ku zo duka, ku zo ku ga mutumin da nake ba ku labari!"

Kafin a jima zauren ya cika, babban ɗansa wanda shi ma ya yi furfura, da matasa, da yara har bakin ƙofa. Dogo bai saki hannuna ba. Ya ce, "Wannan da kuke gani, a duk ƙasar Gwarzo da Kabo shi kaɗai ne ya kusa riga ni."

Ya kwashe labarin ya ba su. Bai manta komai ba: ruwan da aka yi da dare, kunun da suka sha, yadda na zare hannuna da ya gaishe ni, jinin da ya gani a ƙotar garmata. Ya kwaikwayi kiɗan da bakinsa yara suna dariya. Ya ce mun zo kafaɗa da kafaɗa har inuwar tsamiya ta rufe mu, shi ya ce yau kam ta ƙare masa, sai ya yi bisimilla ya kai sara ɗaya, garmarsa ta riga tawa taɓa saiwa. Na dubi fuskarsa da kyau. Ba ƙarya yake yi ba. Haka abin ya zauna masa, ban san tun yaushe ba, kuma a bayyane yake ya ba da labarin nan ya fi a ƙirga, domin yaran suna riga shi faɗin wasu wuraren.

Babban ɗan ya juyo gare ni cikin ladabi ya ce, "Alhaji, ashe haka aka yi? Mu dai muna ji a bakinsa."

Na yi tunanin wanda zan kafa shaida. Sarkin Noma ya rasu, makaɗan sun rasu, samarin da suka ɗaga ni ba ko ɗaya, wadda ta goge mini fuska ita ma ta tafi. Duk duniya ni kaɗai na san wanda ya riga. Na lalubi zuciyata ko zan ji haushi, ko kishi, ko wani abu da zai ce mini in yi magana. Na tarar ba komai a wurin.

Na ce, "Haka aka yi. Ya riga ni."

Dogo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, aka ba shi ruwa. Da ya lafa ya matse hannuna ya ce, "Amma ka ba ni wahala, na Madadi. Wallahi ban taɓa jin daɗin rana irin wannan ba."

Aka kawo dambu muka ci a kwano ɗaya. Ya tambayi Yaya, na ce ya rasu tuntuni, ya yi masa addu'a mai tsawo. Da na tashi tafiya ya hana ni fita sai da aka kawo ƙwan zabi a ƙwarya, an zuba dusa a ƙasa, ya ce ba shi da abin da ya fi wannan. Ya sa aka riƙe masa hannu ya rako ni har bakin mota.

A hanya na nemi gafarar Allah a kan abin da na faɗa. Sannan na ga ashe ranar nan da na sha wuya na ci, shi ne ya ɗauke ta ya tafi da ita gida, ya ci moriyarta shekara da shekaru, ya raba wa 'ya'ya da jikoki. Na jira in ji zafin wannan ma, bai zo ba. Hanyar ta lalace da ruwa, mota sai tsalle take yi. Na ce wa direba ya tafi a hankali, na rungume ƙwaryar a cinyata, kuma har muka iso gida ba abin da ke raina sai kada ƙwan nan su fashe.